Akushin Dada

A shekarar da kuɗin mai suka cika ƙasa, har mai faskare ya fara zancen sayen rediyo, awakin gidan Malam Rabo na Ƙanƙara suka yi wata irin ƙiba da ta zama abin magana a unguwa. Duk matar da ta shigo aron rariya sai ta tsaya bakin turke ta riƙe haɓa, ta tambayi matar gidan, Hajaratu, me take ba su. Ita kuwa Hajaratu dusa ce da harawa, abin da kowa ke bayarwa. Wata biyu cur aka yi kafin ta gano cewa tuwon 'yarta suke ci.

Malam Rabo ɗan hatsi ne a kasuwar Ƙanƙara, rumbunsa uku, kuma a shekarun nan kasuwa ta buɗe masa. Ya sayi babur, ya yi wa ɗakuna rufin kwano, ran kasuwa kuma ba ya shigowa sai da burodi da madarar gwangwani ɗaure a bayan babur. Gida ne da ake kyautar gero da tiya. A ce a nan yunwa ta zo ta kama mutum, wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa Hajaratu kai.

Yarinyar ita ce 'yar fari. Ran suna aka raɗa mata Safara'u, sunan mahaifiyar Malam Rabo, tsohuwar da kowa ke kira Dada. To ka ga kunya ta zama biyu a kan Hajaratu: ga ta 'yar fari, wadda uwa ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta haɗa kwano da ita, ga kuma sunan suruka, wanda ko a mafarki ya zo bakin mace sai ta haɗiye shi. Mutanen gida suka laƙa wa yarinya Uwani. Hajaratu ko Uwanin ba ta faɗa. "Ke," ko "yarinyar nan," shi ke nan sunan da ta san ta da shi shekara goma sha bakwai. Yarinyar kuma Yaya take ce mata, kamar yadda 'ya'yan fari ke yi.

Ranar yaye Dada ta zo daga 'Yankara ta goye takwararta ta tafi da ita. A can ta girma. Dada kaɗai ke kiran ta da sunanta na yanka, don sunan nata ne, ba wanda zai hana ta. Rana sau uku maƙwabta na jin muryar tsohuwar ta kan danga: "Safara'u! Zo mu ci." Akushi ɗaya gare su, baƙi wuluk, gefensa ya tsage an ɗinke da waya. Yarinya ta tashi ɓul-ɓul da ita, kumatu kamar an hura, Dada na alfahari tana cewa kiwonta ba irin na mutanen Ƙanƙara ba ne.

Da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka rasa malamai, aka bi gari-gari ana neman 'yan matan da suka gama aji bakwai. Uwani na cikin waɗanda aka ɗauka makarantar horon malamai ta kwana. Tana can a zango na biyu Dada ta kwanta ciwon kwana huɗu ta cika. Ba a sanar da yarinya ba sai da ta zo hutu, wai don kada karatunta ya lalace. Aka kwaso kayan tsohuwa aka kawo Ƙanƙara, akushin ya shige bayan jeren kwanonin Hajaratu, yarinya kuma ta dawo gidan ubanta ta zama kamar baƙuwa. Ba wanda ya yi mata mugunta. In an gama tuwo a zuba nata a sabon kwanon sha mai murfi, a miƙa mata ta bakin ƙofa, a ce, "Ga naki."

Hutun farko ta ɗan faɗa, aka ce waken makaranta ne. Hutu na biyu wuyanta ya yi tsawo, aka ce girma ne. Kafin na uku sai ga wasiƙa daga makaranta, cewa a zo a ɗauke ta, ta faɗi sau biyu a filin taro.

Abin haushin, ba kwance take ba. Kafin Hajaratu ta idar da sallar asuba yarinya ta share tsakar gida, ta cika randuna, ta kama surfe. Ita ke tuƙa tuwo, ita ke kaɗa miya, ta tsaya kan ƙannenta sai sun sharce kwano. In aka ce ita fa, sai ta ce, "Na ƙoshi, Yaya, na ci wajen tuƙi." Litinin da Alhamis tana azumi. Sauran ranakun kuma ramuwa take yi, ramuwar da ba ta ƙarewa. Wa zai hana yaro ibada? Malam Rabo har yabawa ya yi da farko, ya ce boko bai ɓata masa ɗiya ba.

Rannan da hantsi Hajaratu ta zagaya bayan rumbu ɗebo itace, sai ta tarar da ita tsugune tana gutsura wa awaki tuwon jiya, loma-loma, kamar mai ciyar da jariri. Zanen yarinyar ya zame daga kafaɗa. Hajaratu ta ga ƙashin baya a jere, ta ga gwiwar hannu ta fi damtse kauri. Abin da ya zo mata a zuciya shi ne ta rungume ta, abin da ya fito daga bakinta kuwa shi ne, "Ke! Almubazzaranci kika koyo a makarantar?"

Daga ranar gida bai sake zama lafiya ba. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, aka yi rantsuwa. Malam Rabo ya yanka kaza, ya yanka zabo, ya zauna da bulala a gefe. Yarinya ta tauna tsoka ɗaya tana hawaye, yana juya baya ta tofar a gefen zane. Wata gwaggo ta zo ta ce ai abin ba wuya, a yi mata ɗura irin ta jarirai. Mata uku suka danne ta, aka toshe hanci aka ɗura kunu. Ta amayar da shi duka, ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Rubutu kam tana sha, ko kwano nawa aka kawo, tunda ruwa ne.

Aka ɗauke ta a bayan a-kori-kura zuwa Faskari wajen wata mai magani. Matar ta duba idonta, ta duba tafin hannunta, ta ce ai wannan ba sai an faɗa ba, kurwarta aka kama, kuma mai abin ba ta nesa da gidan. Ta ba da turare da saiwoyi. A hanyar dawowa Malam Rabo ya ce shi ba zai ɗora wa kowa maita ba, ya zauna lafiya da maƙwabtansa shekara ashirin. Turaren dai aka yi ta yi har labulen ɗaki ya canza launi, yarinya na tari tana ƙara lanƙwashewa.

Hajaratu ta gaji. Gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Ta gaji da dafa abin da za a dawo mata da shi, ta gaji da leƙen kwano, ta gaji da masu zuwa sannu kowa da nasa maganin. Wani lokaci tana tsaka da tankaɗe sai ta ji haushin yarinyar ya taso mata har wuya, ta ce a ranta wannan wace irin ɗiya ce mai son kashe kanta a gidan ƙoshi. Kafin ta sauke rariya kuma haushin ya koma tsoro. Gashin yarinyar na zuba a matashi, al'adarta ta ɗauke tun watanni, ana tsakiyar bazara tana lulluɓe da bargo tana rawar ɗari.

Ran wata Laraba yarinyar ta ɗaga taɓarya, ba ta sauke ta a turmi ba, ta tafi luu ta zube. Da aka yayyafa mata ruwa ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Ban ji komi ba, Yaya, santsi ne." A busasshiyar ƙasa.

A ranar Hajaratu ta ce wa mijinta garin Sabuwa za ta da yarinyar. Tana da taubashiya a can, Barakatu, 'yar kawunta, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana aikin jinya a babban asibiti kafin ta dawo gida ta riƙe ɗakin haihuwa. Hajaratu ta daɗe tana guje mata, don bakin Barakatu ba shi da linzami, kuma wasan taubasantaka ya ba ta damar faɗin abin da wani ba zai faɗa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Suka daɗe a hanya, mota na jefa su rami-rami, kan yarinya na kan cinyar wata fasinja, don ko a nan Hajaratu ba ta iya cewa a ɗora shi kan tata ba. Barakatu na ganin su ta fara da abin da ta saba: "Ah, baiwar gidanmu ce yau da rana tsaka? An tuna da iyayen giji?" Sai idonta ya sauka kan yarinyar, dariyar ta tsaya. Ta kama wuyan hannunta tana kallon agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Daga nan ta kore kowa, ta rufe ƙofa, ita da yarinyar suka zauna har aka yi kiran la'asar.

Da ta fito ta ja Hajaratu gindin dalbejiya.

"Hajara, wata nawa kuka yi kuna kallon ɗiyar ga tana ƙarewa?"

"Mi ne ba mu yi ba? Rubutu, turare, har Hwaskari mun tahi."

"Kun yi komi, ban da ku tambaye ta. Ni na tambaye ta. A makaranta Randa suke ce mata. In ta shigo ɗakin cin abinci a ce a matsa, ga Randa nan. Ta ce ran da ta hwara rage tuwo ta ji daɗi, don duk duniya abin da ta iya hukuntawa ke nan. Yanzu kuwa abin shi ke hukunta ta. In ta dubi jikinta, wallahi Hajara, ƙiba take gani."

"Ƙiba? A ina?"

"A idonta. Ba ƙarya take ba, ciwon ne haka. Na gan shi sau biyu a asibiti, ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba. Ba maye, ba iska, ba kuma taurin kai. Tsoron loma take kamar yadda kike tsoron maciji. Ke in an danne ki an tura maki maciji a baki, kya gode?"

Hajaratu ta tuna ranar ɗura, ta sunkuyar da kai.

Washegari Barakatu da kanta ta raka su babban asibiti a birni. Likita ya auna, ya saurari ƙirji, ya faɗi sunan ciwon da Turanci, suna mai tsawo da Hajaratu ba ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne abin da Barakatu ta fassara mata: zuciyar yarinyar ta yi rauni, kuma in ta sake komawa inda take yau, ba lalle ta ɗauka ba. Aka kwantar da ita sati uku. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, cokali-cokali, don likita ya ce cikin da ya daɗe a rufe in aka cika shi lokaci ɗaya, shi ma kisa ne. Wata ma'aikaciya na zama da ita kullum suna magana. Yarinya ta ɗan yi ƙarfi, aka sallame su, da sharaɗin a riƙa kawo ta awo duk wata.

Kafin su rabu a tasha Barakatu ta riƙe hannun Hajaratu ta jero mata dokoki. Sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, kan lokaci, ko tana so ko ba ta so a kawo. Ba duka, ba ɗura, ba gori. Azumi, an tambayi malamai, mara lafiya ba ya yi. Kada a bar ta ta yi aikin wahala. Kada kowa ya yi zancen jikinta, na yabo ko na zagi. Sa'annan ta ce, "Babbar ita ce wagga: kada ta ci ita kaɗai. Ki zauna ki ci da ita, kwano guda, in an gama ki ƙara zama har abin ya kwanta mata."

"Ni? Haba Baraka. Ɗiyar hwari ce hwa. Mutane su ce mi?"

"Su ce abin da suka ga dama. Kin san abin da ta ce mani? Ta ce tun da Dada ta rasu ba wanda ya kira ta cin abinci. Miƙa mata ake yi. To ki zaɓa, Hajara, kunyarki ko ɗiyarki. In kin zaɓi kunya, ki aje ta da kyau, za ki yi amfani da ita ran zaman makoki."

Maganar ta yi wa Hajaratu zafi har ta shiga mota ba sallama. Amma da suka dawo Ƙanƙara ta bi dokokin, duka ban da ɗaya, wadda ta yi wa kwaskwarima. Ta kan kai kwanon ɗakin yarinyar, ta ce, "Ga naki," ta zauna a bakin ƙofa ta ba da baya, tana tsince shinkafa ko gyaran zogale, kunnenta na kan cokali. A ganinta zama dai ai zama ne. Wata rana kunu ya ragu da rabi, wata rana cokali uku. Hajaratu ta haƙura, sannu ba ta hana zuwa. Aka je awo na farko, likita ya ce ba laifi. Awaki kuma suka koma irin na kowa.

Sai Allah ya kawo Zulaihatu, maƙwabciyarsu, mace mai kirki wadda tun fara ciwon ba ta fasa aiko da fura ba. Ta shigo da yamma ta tarar da yarinya zaune a tabarma tana tsefe kai. Murna ta kama ta, ta tafa hannu.

"Masha Allahu! Kai, alhamdu lillahi! Uwani an murmure. Ji kumatu sun hwara hitowa! Hajara, ɗiyar ga ƙiba za ta yi, irin ta da can wajen Dada. Nan da Sallah zanen ga ba ya zagaye ta."

A garin nan ba addu'ar da ta fi wannan daɗi ga mai tashi daga ciwo, kuma da zuciya ɗaya matar ta yi ta. Amma Hajaratu na kallon fuskar yarinyar ta ga abin ya rufe kamar an ja ƙyaure. Yarinya ta yi murmushi, ta ce, "Na gode, Inna Zulai," ta tashi ta shige ɗaki. Baki shi ke yanka wuya.

Tuwon yamma ya dawo yadda aka kai shi. Kunun safe ya yi fata a kwano. Rana ta biyu haka, ruwa kawai. Rana ta uku Hajaratu ta leƙa ta tarar da ita tana zagaye ɗaki, daga bango zuwa bango, tana dafa gini, leɓɓanta sun bushe. Malam Rabo ya tsaya a tsakar gida ya cire hula ya share zufa, ya ce gobe in Allah ya kai mu sai a mai da ta asibiti, ya je ya yi magana da mai mota. Shi da Hajaratu sun san abin da likita ya ce game da komawa.

Ranar kasuwa ce, gidan cike da 'yan'uwa mata da suka zo daga ƙauye suka ya da zango, har da gwaggon nan mai ɗura. Hajaratu ta sauke tukunyar rana, ta zuba wa kowa, ta ɗauko kwanon yarinyar mai murfi. Ta tsaya da shi a hannu. Ta san tafiyar: taku goma sha biyu zuwa ƙofa, "ga naki," zama, sa'annan ta ɗauko shi da nauyinsa. Ta ji ba za ta iya sake yin wannan tafiyar ba, ko sau ɗaya. Ta ajiye kwanon.

Ta shiga ɗakinta ta sa hannu bayan jere ta jawo akushin Dada. Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ta wanke shi a bakin rijiya, ta goge, ta zuba tuwon dawa malmala ɗaya ƙarama, ta kwarara miyar kuka da ɗan man shanu. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, a fili, inda kowa ke gani. Ta zauna ta wanke hannu. Mata suka bar hira suna kallon ta.

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Sunan na nan a maƙogwaro, ya shekara goma sha bakwai a wurin, ya yi tsatsa. Ta tuna surukarta, ta ce a zuci, Dada ki yafe mani, ke kika bar mani aikin. Sa'annan ta ɗaga murya, muryar ta fito a shaƙe, wata iri, kamar ba tata ba.

"Safara'u!"

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Hajara, kanki ɗaya? Sunan wa kika kama?"

Hajaratu ba ta ko dube ta ba. Na biyun ya fi sauƙi.

"Safara'u. Zo mu ci."

Kaza ta ratsa tsakar gida. Can labule ya motsa, yarinya ta fito tana dafa ƙyaure, tana duban tsakar gida kamar mai neman wani. Idonta ya faɗa kan akushin, ya daɗe a kan ɗinkin wayar nan, sa'annan ya hau kan fuskar uwarta. Ta tako a hankali ta durƙusa a bakin tabarma.

"Yaya, ke kika kira ni?"

"Ni ce."

"Na ƙoshi, Yaya."

"Na sani. Ni ban ƙoshi ba. Kwana uku ni ma ban ci na kirki ba, kuma ba ni iya ci ni ɗaya. Zauna."

Ta zauna. Hajaratu ta gutsuri loma ta kai baki, ta tauna, ko ɗanɗanonsa ba ta ji. Ba ta ce ci ba, ba ta tura akushin gabanta ba. Ta dai gyara gefen da ke wajen yarinyar, ta janyo miya ta tara a nan, yadda ake yi wa wanda ake so. Gwaggo ta tashi fuu ta shige ɗaki tana salati, sauran matan suka sami abin yi a wani gefen.

"Tsoro nike ji," in ji yarinyar, da ƙyar ake jin ta. "In na ci, ji nike kamar ina kumbura. Inna Zulai ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Ba ni da maganin tsoron ga, Safara'u, ban san shi ba. Amma ki ji shi nan kusa da ni, ki daina jin shi ke ɗaya a ɗaki. Gobe mu tahi wajen likita tare, ki hwaɗa mashi. Yau dai ga ni."

Sau uku ke nan ta faɗi sunan, kuma sama ba ta faɗo ba.

Yarinyar ta daɗe tana kallon tuwon. Ta sa hannu a ruwan wanki, ta gutsuri abin da bai fi ƙwayar dabino ba, ta riƙe shi har miyar ta fara bin yatsunta. Ta kai baki. Hawaye na zuba tana taunawa, ta haɗiye kamar mai haɗiyar tsakuwa. Hajaratu ta kau da kai ta ci tata lomar, don kada kallo ya yi mata yawa. Loma huɗu yarinyar ta yi a ranar. Hajaratu ba ta yaba ba, ba ta ce ƙara ba. Da suka wanke hannu yarinya ta yunƙura za ta tashi, uwar ta kama gefen zanenta ta ce a zauna tukuna. Suka zauna har inuwar rumbu ta kai bakin rijiya. Wajen ƙarshe kan yarinyar ya karkato ya sauka a kafaɗarta, ba nauyi ko kaɗan, Hajaratu ta bar shi a nan.

Ba a ranar ta warke ba, kada wani ya ce na faɗa. Washegari sun koma asibiti, an sake riƙe ta kwana goma, Hajaratu na zaune a gefen gado da akushi a cinya. Bayan nan ma an yi ranakun da tuwo ya dawo, an yi ranakun kuka, an yi ranar da Hajaratu ta zagaya bayan rumbu ta zauna kusa da awaki ta yi nata kukan don gajiya. Shekara ta zagayo kafin likita ya ce a riƙa zuwa duk wata uku, komawa makaranta kuwa sai da aka yi shekara biyu. Zulaihatu ta koyi shigowa ta gaishe da yarinya ta tambaye ta labarin ɗinki, ba ta ƙara duban kumatunta ba. Gwaggo ta yi wata shida ba ta taka gidan ba, ta ce Hajaratu ta zubar da mutuncin zuri'a.

Da labarin ya kai Sabuwa, Barakatu ta aiko da saƙo ta bakin wata mai zuwa kasuwa, cewa a gaya wa baiwar gidansu ashe tana da baki. Hajaratu ta ce a ce mata ta ji, kuma ba ta da lokacinta. Rana ta yi tsaka, tuwo na hucewa. Ta ɗauki akushi ta nufi inuwar rumbu, ta shimfiɗa tabarma, ta juya wajen ɗakin ta ɗaga murya yadda har maƙwabta sun saba ji ta kan katanga.

"Safara'u! Zo mu ci."